Na Ce Jijiya, Ban Ce Ta Jini Ba

Mahaifina, Malam Haladu direba, ƙafa ɗaya da rabi gare shi yanzu. Na fara da wannan ne don kada wani ya bi ni yana jiran ya ji an warke sumul. Yana raye, yana cin tuwonsa, yana musu da masu karanta labarai a rediyo, alhamdu lillahi. Amma ƙafar dama ta tafi daga ƙasan gwiwa, kuma a kan idona ta tafi, mako bayan mako. Shi zan rubuta, ko Allah zai sa wani gidan ya ankara da wuri.

Sunana Rabi, ni ce ta uku a 'ya'yansa. Ina aiki a sashen ajiye fayil na wata ma'aikatar gwamnati, don haka a gidanmu na Unguwar Shanu ni ce mai Turanci. Duk wanda zai je asibiti, ko banki, ko ofishin fansho, da ni ake haɗa shi. Ban nemi wannan sarauta ba, naɗa ni aka yi.

Abin ya daɗe da farawa kafin mu sani. Daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba nisa, in ana kiran salla kamar a tsakar gida ake yi. Baba ya shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikata, mutum ne mai sauri, ba ya son tsayuwar hira a hanya. Sai ga shi bayan ritaya ya koma mai gaishe-gaishe. Zai tsaya a shagon tela ya tambayi aiki, ya ɗan matsa gaba ya tsaya gun mai kayan miya yana taya tattasan da ba saya zai yi ba. Muna ta yi masa tsiya, wai tsufa ya koya masa zumunci. Ashe sharaɓarsa ce ke ɗaurewa. In ya yi 'yan taku sai ta riƙe kamar an ɗaure ta da igiya, in ya tsaya kaɗan ta saki, ya ci gaba. Ya fi shekara a haka bai gaya wa kowa ba.

Umma ce ta fara lura, wajen shafa masa mai. Ta ce ƙafar dama ta fi ta hagu sanyi ko da rana tsaka, gashin ƙwaurin ya zube, fatar tana sheƙi, farcen ya yi kauri. Baba ya ce sanyi ne, na shekarun da ya yi yana kwana a mota. Yana da hawan jini, amma ƙwayar sai kansa ya yi ciwo yake sha. Suga kuwa ya ce ba a gadonsa a gidansu, don haka bai ga abin zuwa awo ba. Taba ya sha ta shekara ashirin da wani abu, ya bari da ya dawo daga Makka, shi a ganinsa maganarta ta wuce.

Makon farko da nake ƙirgawa shi ne wanda ya kasa kaiwa masallaci ko da tsaye-tsayen. Ya dawo ya zauna a dakali ya ce ƙafar ta ƙi. Washegari na ɗauki uzuri a ofis muka tafi asibitin gwamnati. Mun isa bakwai ba ta yi ba, muka tarar da layin kati ya fito har waje. Aka auna jini, ya hau sosai. Aka soki yatsa, suga ma ga shi nan, wanda ba a gado. Ba mu ga likita ba sai da azahar ta kawo jiki.

Likitan matashi ne ɗan kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu Baba" da "ina ciwo" ba. Amma ya san aikinsa, wannan zan faɗa ko'ina. Ya sa Baba ya cire takalmi duka biyu. Ya ɗora yatsunsa a bayan ƙafar hagu, nan take ya gyaɗa kai. Ya koma ta dama, ya lalluba bayan ƙafa, ya lalluba gefen idon sawu, ya daɗe yana nema. Sannan ya juyo gare ni ya yi bayani da Turanci. Ya ce hanyoyin da ke kai jini ƙafar sun ƙuntata, jinin da ke isa bai wadace ta ba. Sai an je babban asibiti an yi hoto an ga inda toshewar take, kuma in ta yi yawa zai yiwu sai an yi aiki. Ya rubuta takarda da ƙwayoyi, nas ta leƙo tana cewa mutane na jira.

A nan ne abin ya faru, kuma bai kai ƙiftawa uku ba. A Turanci kowace da sunanta. Wadda ke ɗauko jini daga zuciya sunanta daban, wadda ke mayar da shi daban, wadda ke sa ka ji an taɓa ka daban, wadda ke haɗa nama da ƙashi daban. Mu kuwa duk jijiya muke cewa. Wadda kake samu a nama ka kasa taunawa jijiya ce, wadda nas ke nema ta sa allura jijiya ce. Baba yana saka takalmi ya ɗago ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Baba, ya ce jijiya ce."

Maganar aiki da gangan na ɓoye ta, don kada hankalinsa ya tashi tun ba a yi hoton ba. Kalmar jini kuwa ba ɓoye ta na yi ba, faɗuwa ta yi ban lura ba. Baba ya ce to, muka fito. A babban asibitin aka duba takardar aka ba mu rana, mako uku masu zuwa.

Da yamma gida ya cika, kamar yadda aka saba in an ji an je asibiti. Umma ta tambaya, na ce jijiya ce. Baffa Sale, ƙanin Baba da ke zaune a Rigasa, yana jin haka ya gyara zama. Ya ce in dai jijiya ce ai an zo da sauƙi, wannan ba aikin asibiti ba ne, su asibiti me suka sani a kan jijiya ban da ƙwayar rage zafi. Akwai wani mai ɗori kusa da gidansa, jan jijiya gadon gidansu ne, shi ya ja masa kafaɗa lokacin da ya faɗi a babur. Kowa a ɗakin ya san wani da aka ja wa jijiya ya miƙe. Ni ma na sani.

Kada wani ya ce jahilci ne. Digiri gare ni, kuma ni na ji likitan da kunnena. Abin da na raya a zuciyata shi ne, in jini ne ba ya gudu, ai tausa da ɗumi za su taimaka masa ya gudu, kuma ga mako uku a gaba da ba abin da za a yi sai jira. Mu kuwa ba mu iya zama mu kalli marar lafiya hannu rabbana ba. Ko ruwan rubutu ne sai an ga ana yin wani abu.

A mako na biyu aka fara zuwa Rigasa. Mai ɗorin dattijo ne mai kirki, ba ya yanka wa kowa farashi, abin da ka ajiye shi ke nan. Ba ni da abin da zan ɗora masa. An ce masa jijiya, ya yi abin da ake yi wa jijiya. Ya shafa sharaɓar ya ce ta bushe ta hau kan 'yar'uwarta, za a ja sau bakwai, ana tsallake kwana biyu, a gida kuma a riƙa gashi safe da yamma. Baba kan dawo daga jan yana gumi, ya ce ya ji ta ɗan saki. Ko ta saki ko ba ta saki ba, Allah masani.

Gashin Umma ce ke yi, da tawul da ruwan zafi a roba. Ta matse ta ɗora, Baba ya ce ta ƙara zafi, bai ji komai ba. Ta ƙara, ya ce har yanzu. Hannun Umma har ja yake yi, shi kuwa ko gezau. Muka ɗauka jarumta ce irin ta mutanen da. Ashe suga ya riga ya kashe masa jin ƙafar, ko garwashi aka ɗora ba lallai ya sani ba. Ranar gashi na biyar ko na shida muka wayi gari babban yatsa da gefen dunduniya sun ɗuri ruwa. Baffa ya ce ciwon ne ke fita. Ruwan ya fashe, wurin ya zama gyambo ɗan ƙarami da bai kai kwabo ba, aka shafa zuma aka ci gaba.

Mako na huɗu ranar hoto ta zo. Saura ja biyu a cika bakwai. Baffa ya ce ba a katse magani a tsakiya, Baba ya ce gaskiya ne a bari a ƙarasa. Ni kuma a wannan makon baƙi sun zo duba fayiloli a ofis, shugabana ya riga ya fara kallona a kaikaice saboda uzurin da nake ɗauka. Na yi musu sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, na bari. Da na je aka sake mana rana, an tura mu mako biyu gaba, matar da ke rubutawa ko kallona ba ta yi ba.

A mako na biyar Baba ya daina kwanciya a gado. In ya miƙe ƙafar sai ta kama zogi, in ya sauke ta ƙasa ta lafa, don haka a kujera yake barci, ƙafar tana reto. Gyambon bai warke ba, bai kuma yi jini ba, ya tsaya fari fat. Yatsan ya canza launi, daga ja-ja zuwa shuɗi-shuɗi. Masu dubiya suka yi ta kawo shawara har da ta siyarwa. Wata ta ce toka da man shanu. Wani ya ce ya taka wani abu ne da aka binne don wani. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce daji ne, kuma kada a kuskura a bari allura ta taɓa shi. Duk da zuciya ɗaya suka faɗa, kowa da ledar lemo ko kwanon fura a hannu. Ina gode musu, kuma da a ce na kore su.

Yayanmu Auwal makanike ne, ba ya magana sai ta kama. Ranar wata Talata ya shigo gaida Baba da hantsi, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya tsuguna ya kwance tsumman da aka naɗe ƙafar. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya fara. Bai nemi shawarar kowa ba. Ya fita ya aro mota, ya dawo ya sungumi Baba kamar buhu. Umma tana cewa a jira Baffa, ya ce Baffa ya same mu a can.

Kwana biyu muka yi a ɗakin taimakon gaggawa na babban asibitin kafin a sami gado. Ba zan tsaya kan wannan ba, duk wanda ya taɓa jinya ya san bencin da ake zama, ya san takardar da ake miƙo maka a ce je ka sayo yanzu, ka je a ce babu, ka tsallaka titi. Kuɗi sun tafi kamar yadda suke tafiya a jinya. Akwai wata nas mai ƙiba da ke kiran Baba angonta, ita ta samo mana matashin kai da keken tura marar lafiya ba tare da mun roƙa ba. Ban san sunanta ba har yau, Allah ya saka mata.

A rana ta uku aka yi hoton da ya kamata a yi tun tuni. Na'urar ba hoto kawai take nunawa ba, har ƙara take yi. Da aka ɗora ta a ƙafar hagu sai ka ji jini yana wucewa, fuu, fuu, fuu, daidai da bugun zuciya. A cinyar dama ƙarar ta koma kamar ana tsiyaya ruwa ta ƙaramar ɓula. Da aka sauko ƙasan gwiwa sai shiru. Mai hoton ya ƙara man shafawa, ya matsa nan ya matsa can, shiru dai. Baba yana kwance yana kallon silin.

Likitar da ta karɓe mu Bazazzagiya ce, gajera, mai saurin magana. Ta kalli gyambon ta tambayi wa ya gasa ƙafar. Umma ta sunkuyar da kai. Na ce dukanmu ne, an ce jijiya ce muka kai a ja. Ta dube ni ta ce wace jijiyar. Ba ta yi faɗa ba, da alama ba mu ne na farko ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da Baba, ta yi bayanin da har yanzu zan iya maimaita shi.

Ta ce jijiyar jini ba tiyo ba ce, abu ne mai rai. Bangonta na ciki a shimfiɗe yake da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta, kuma suna jin yadda jini ke shafarsu. Inda jini ke tafiya miƙe, sai su kwanta a jere suna fuskantar inda ya nufa, su yi santsi, ba abin da ke maƙalewa, har wani sinadari suke fitarwa da ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe. Amma inda jijiya ta rabu biyu ko ta yi kwana, jinin ba ya tafiya miƙe, juyi yake yi, wani ma ya ɗan koma baya. Ƙwayoyin wurin sai su rikice, jerinsu ya watse, su yi kumburi su yi danƙo. Kitsen da ke cikin jini ya sami kafa ya shige ƙarƙashinsu ya taru, bango ya yi kauri, hanya ta ƙuntata.

"Baba," ta ce, "kwatar unguwarku, a ina shara ke taruwa? A miƙaƙƙen wuri ko a kwana?"

Ya ce a kwana.

"To haka jikinka yake. Kowa yana da kwanonin nan, da su aka halicce mu. Taba da suga da hawan jini su ke sa na wani ya riga na wani toshewa. Kuma da wuri ya ƙuntata, jinin da ya matse ya wuce sai ya ƙara hargitsewa a gaba, ya lalata can ma."

Ta ciro abin sauraron da ke wuyanta ta ɗora a matse-matsin Baba, inda ta ce babbar jijiyar ke rabuwa, ta saurara, sannan ta sa min a kunne. Na ji wani huci a bayan kowane bugu. Ta ce jijiya mai lafiya ba ta wannan ƙara, jinin ne ke kokawar wucewa.

Da muka fito baranda na bi ta na tambaye ta abin da ke cina. Ta ce toshewar aikin shekaru ce, ba mu muka yi ta ba, kuma ba hannun da zai ja ta ta buɗe. Amma ƙafar da jini ya yi wa kaɗan tana iya lallaɓawa ta rayu muddin fatarta a rufe take. In aka yi mata rauni, ba ta da jinin da za ta warke da shi. Na ce da mun zo a ranar farko da aka ba mu fa? Ta ce, "Ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Da dai mun fi haka samun abin yi." Ta wuce, ana kiranta a wani ɗakin.

Mako na bakwai aka cire yatsu biyu, da fatan abin ya tsaya nan. Likita ta ce abin da take so ta gani shi ne wurin ya yi jini. Kullum da safe in za a wanke ciwon sai mu tsaya a kai, ni da Umma, muna addu'ar ganin ja. Ban taɓa tunanin zan roƙi Allah jinin mahaifina ya zuba ba. Bai zuba ba. Bakin ciwon ya bushe, baƙin ya ci gaba da hawa, zazzaɓi ya shigo, Baba ya fara kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa.

A mako na takwas aka kawo takardar sa hannu. Likita ta ce ƙasan gwiwa za a yanke, inda jini ke isa, in aka ƙara jira gubar za ta shiga jiki gaba ɗaya. A lokacin zazzaɓin ya ɗan sauka, Baba yana cikin hankalinsa, ya ce a'a. Yadda Allah ya ba shi jikinsa haka zai mayar masa. Auwal ya yi magana, na yi, Baffa ya kawo limamin unguwa ya yi bayani cewa addini bai hana ba. Kwana biyu yana kan bakansa. A rana ta uku Umma, wadda tun ranar da aka tambayi wa ya gasa ƙafar ba ta cika magana ba, ta ajiye kofin shayin da take fifita masa.

"Malam," ta ce, "ni da kai aka ɗaura min aure, ba da ƙafa ba. Ka sa hannu."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a ba shi biro.

Bayan aikin aka miƙo mana ƙafar a naɗe, kamar yadda ake yi. Auwal da Baffa suka kai ta maƙabarta suka binne. Auwal ya ce Baffa ya yi kuka a can har sai da masu haƙa suka ba shi baki. Tun daga ranar kullum sai ya taso daga Rigasa da kunu a fulas, ya zauna a gefen gado. Ba wanda ya ce masa kai ne, ba wanda ya ce wa Umma ke ce. Ni ma ba wanda ya ce min, don ba wanda ya san abin da aka faɗa a ɗakin likitan farko sai ni.

Dungun ya warke lafiya, can jini yana isa. Mako uku bayan aikin muka dawo gida da sanduna biyu da leda cike da ƙwayoyi: ta hawan jini, ta suga, ta rage kitse, da wata da ke hana jini daskarewa. Yanzu ba a jiran ciwon kai, Umma ce ke riƙe da su kuma ba ta da wasa. Likita ta ce ta hagu ma ta fara ƙuntata, ita ce abin tsaro yanzu. Ta koya min inda zan ɗora yatsu a bayan ƙafar in ji bugun jini, ta ce in duba kullum, in duba tsakanin yatsu, ruwan wanka kuma a gwada shi da gwiwar hannun mai lafiya kafin ya taɓa shi.

Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. In tsohonku ya fara tsayawa a hanya yana cewa sharaɓa ta riƙe, in ya huta ta saki, ku cire masa takalmi ku taɓa ƙafafun biyu ku ji ko ɗaya ta fi sanyi. In mai suga ya ce bai ji zafin ruwa ba, ku yarda da shi, ku ajiye tawul ɗin. In an ba ku rana a asibiti, ku je ko da ana kan wani maganin. Kuma in likita ya ce jijiya, kada ku tashi daga kujerar sai kun tambaya wacce. Ina da ƙorafi a kan asibitoci, mako uku ya yi wa irin wannan ƙafa yawa, kuma bai kamata a bar 'yar marar lafiya da hankalinta ke tashe ta zama tafinta ba. Amma su suka ceci ransa, wannan ma gaskiya ce.

Wata biyu bayan aikin ina nan da maganar a cikina. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, amma ba na iya kallon wandonsa da aka naɗe da fil. Ranar wata Asabar da hantsi, Umma ta tafi barka, Baba yana kan tabarma a tsakar gida, na zo duba ƙafar hagu kamar kullum. Na tsuguna, sai na ji ba zan iya ƙara kwana da ita ba. Na gaya masa duka. Na ce likitan farko jijiyar jini ya ce, kuma ya ambaci aiki, ni ce na rage maganar na ce jijiya kawai, daga bakina aka ɗauka aka tafi Rigasa. Na ce ya yafe min.

Ya rage ƙarar rediyo. Ya ce, "Rabi, shekara talatin ina tuƙa masu Turanci. Ke a zatonki a bayan mota da Hausa suke hira?"

Na ɗago na dube shi.

"Na ji ya ce jini. Na ji ya ce aiki. Tambayarki na yi in ji ko za ki maimaita. Da kika ce jijiya, daɗi na ji, na yi shiru abina. Da Sale ya kawo maganar ja, na san ba ita ba ce, na bi shi. Wuƙa nake tsoro, tun ina yaro. Na bar uwarki tana ƙona hannunta, na bar ki da wannan a ciki. In yafiya ce, ni zan nema."

Ban ji sanyi a raina ba kamar yadda na zata. Haushi na ji, sosai, sannan tausayinsa ya biyo baya. Kaji suna ta tone-tone a bakin rariya.

Can ya turo ƙafar hagu gabana. Ya ce, "Duba min wannan. Kuma abin da kika ji, ki faɗa min shi duka."

Na ɗora yatsu uku a inda likita ta nuna min. Na daɗe ina nema kafin in same shi.

Na ce, "Tana bugawa, Baba. Amma ba ƙarfi, bai kai na wancan makon ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To ɗauko min katin asibiti. Litinin da sassafe."